Faifan Shamsu a Gonar Jiratawa

Maraɗi

Zuwa ga ƙanena Shamsu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya a wannan ƙasar sanyi da ka zaɓa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, shirin bikin ƙanwarmu Malika kuma ya kankama.

Kwalin faya-fayan da ka aiko ya iso, tare da roƙonka na a sa wa Baba ya ji, ko zai yarda ka zo ka yi busa a bikin. Na cika alkawari, na sa masa a gaban baƙinsa 'yan kasuwa. To, Shamsu, ashe kiɗan jaz ɗin da ka bar rumfar atamfar Baba dominsa ke nan? Ƙattai cike da dandamali kun taru, kun kwashi waƙoƙin yayi da kowane ɗan kabu-kabu ya haddace, kun cire masu murya, kun bi su da ƙahoni. Baba ya yi ta jiran mai waƙa ya shigo, har faifan ya ƙare. Kawu Maman Lawali na Tsibiri ya ce shi ya ɗauka kamiyoyin ɗaukar kaya ne suka cushe a tasha. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ban ɓoye maka ba.

Dariyar ta tsaya da Baba ya juya bangon faifan ya ga hotonka, kumatu a kumbure, da sunan shi Baban a ƙarƙashi: Abdulmutallib. Ya ce bai haifi maroƙi ba. Inna ta ɓoye faifai guda cikin zannuwanta, ya sa na ɗauko, na kuwa ɗauko.

Kada ka damu, wahalarka ba ta tafi a banza ba. Ya'u mai kula da gonarmu ta Jiratawa ya ɗaure faya-fayan da zare a kan sanduna cikin dawa. Suna juyawa suna walƙiya, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Maƙwabta har tambaya suke inda muka samo.

Amsar Baba ita ce, kada ka zo bikin. Amma ya ce in kana da sauran faifai ka aiko kafin alkama ta fid da kai.

Ƙannenmu Safiyatu da Balkisu suna gaishe ka.

Yayarka,
Zuliha