Jan Ɗigon Shagon Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Ya ƙafar Baba?

Zama ya gagare ni, shi ya sa na ɗauki biro. Ka san aikina a ɗakin gwaji: mu karanta tsarin halittar ƙwayar cuta, mu ɗora a wani shafin intanet, ya zana mana bishiya, dangi kusa da dangi. Yau na ɗora na yaran nan da aka kwantar a asibiti da gudawa, haɗe da samfurin shaguna goma sha biyu. Shagonka na yogot na sa masa ja. Yaya, jan ɗigon nan a reshen yaran ya sauka. Na rufe shafin na buɗe ya fi sau goma, yana nan daram. Na kai wa shugabarmu sakamakon. Gobe za a rufe shagon, gara ka ji daga wurina.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya gida?

Mako guda ke nan ba amsa. Anti ta ce kullum kana wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba. Ni ma abinci ba ya shiga. Ka zage ni mana, ai ka iya.

Auta

Yaya,

Barka da war haka, ya jikin Baba?

Ɗazu na koma kan jadawalin da na ɗora. Ashe garin iyayina na son tsari, na sake jera sunayen shaguna bisa jerin haruffa, na bar lambobin samfur inda suke. Kowane suna ya zame zuwa layin wani. Shafin bai yi ƙarya ba, abin da na ba shi ya zana. Da na gyara, ɗigonka ya koma can gefe shi kaɗai, tsaf da shi.

Na faɗa wa shugaba da bakina, ban ɓoye komai ba. Jibi za a buɗe maka.

Amma kada ka yi mini murna. Shagon da cutar take ya yi kwana tara yana ciniki, an kwantar da ƙarin yara uku. Na je na tsaya a ƙofar ɗakinsu, na kasa shiga.

Kai ka yafe mini ko kada ka yafe, ina da inda zan aiko maka wasiƙa. Iyayensu ko sunana ba su sani ba.

Ƙanwarka,
Auta