Ammar da Gudun Hannu Wofi

Daren Laraba, unguwar Ƙurban

Gobe wasa, kuma har yanzu ban san ko Ammar zai zo ba.

Yaran da nake horarwa ba su iya jifan ƙwallo ba, shi ya sa na gina komai a kan gudu da ɓad da sawu. A ƙwallon Amurka, in abokan karawa suka rasa wanda ke riƙe da ƙwallo, an gama da su. Ammar ne ke rungume ciki ya zabura hagu kamar shi aka miƙa wa, su bi shi duka, mai ƙwallon ya sulale dama. Duk sakandarenmu babu mai yin wannan kamarsa.

Bayan la'asar babansa ya rufe shagonsa na titin Sultana ya zo fili, ya tsaya yana kallo. Da muka tashi ya ce, "Ustaz, ɗana ake ta kayarwa, kuma hannunsa babu komai. Wannan ai algus kake koya masa."

Na ce, "Dabara ce, Alhaji, ƙa'idar wasan ta yarda."

Ya tambayi yaron da Hausa ko yana so. Ammar ya amsa da Larabci, yaren garin nan, kai a ƙasa, cewa yana so. Alhaji ya ce, "Khalas, shi ke nan, mu je gida, zan yi tunani."

Abin da ke cina, na ga kumburin kafaɗar Ammar lokacin da yake canza riga. Ɗazu na ɗauki waya in lallashi Alhaji, na ajiye. Gudun kada ya tambaye ni ko ni zan sa ɗana a gurbin Ammar.