Ranar da Na Kama Rihab Tana Shan Ruwa

Dumyaɗ, 12 ga Ramadan

Zuwa ga yayata Awaɗif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ibada, ya ƙafar taki? Ina fata zafin Aswan bai matsa muku ba, kuma maigidanki da yara suna lafiya.

Yaya, sau uku ina ɗaukar waya in kira ki ina ajiyewa. Bakina ba zai iya wannan maganar ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya da azahar na dawo gida ɗaukar zarto, tare da Hamdi abokin aikina. Muna shiga na tarar da 'yata Rihab a kicin, kofi a bakinta. Kin san halina, ban tsaya tambaya ba. Na fizge kofin na maka da bango, na ce: "Shekararki goma sha uku kina shan azumi a ɓoye? Haka uwarki ta bar mini ke?" Har maƙwabta sai da suka leƙo. Ta ɗago ta ga Hamdi, ta sunkuyar da kai, ta durƙusa tana tsince fasassun kofin.

Da la'asar Ummu Sayyid, tsohuwar da ke samanmu, ta tare ni a matakala. Ta ce: "Kai Sabri, katako kaɗai ka sani? Shekara goma sha biyar ka yi da mace a gida, ba ka san akwai kwanakin da mace ba ta azumi ba?" Ita ce ta zaunar da Rihab ta ji komai, sannan ta faɗa mini.

Ashe wata huɗu ke nan da ta fara al'ada. Uwarta Nadiya ta rasu ba ta kai ga yi mata bayani ba, ke kuma kina nesa. Karon farko ta ɗauka ciwon da ya kashe uwarta ne ya kama ta. Mako guda ta yi tana jiran mutuwa ita kaɗai, tana dafa mini wake kowace safiya kamar ba komai. Sai daga baya ta gane daga darasin fiƙihu a makaranta. Tsofaffin rigunana take yayyagawa, ta wanke, ta shanya a ƙarƙashin gado don kada in gani. Tsummokaran ba sa bushewa, har sun jawo mata ƙaiƙayi. Ranar nan ma ciwon mara ne ya ishe ta, magani take haɗiya.

Gida ɗaya muke, Yaya, ban ga komai ba. Jiya mun yi buɗa-baki ba wanda ya dubi wani. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Ƙaninki,
Sabri

Dumyaɗ, 23 ga Ramadan

Yaya Awaɗif,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, zagin da ke ciki kuwa na cancance shi.

Na yi yadda kika ce, ban aiki kowa ba. Na kai ta wurin likita mace, na zauna a waje ni kaɗai namiji a layin mata. An ba ta man shafawa, ƙaiƙayin ya lafa. A kantin magani kuwa sai da na sayi man goge baki da ba na bukata, kafin matar ta ce: "Malam, audugar mata kake nema? Wace iri?" Na ce ta ba ni kowace iri ɗaya-ɗaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Na miƙa wa Rihab ledar da hannuna, na ce ta yafe mini. Ta ce: "Baba, da mu biyu ne kawai da da sauƙi." Har yau in Hamdi ya zo ɗaki take shigewa. Akwai kuma tambayoyin da ta ce sai ke, don Allah ki zo da Sallah.

Kwana shida za ta rama. Na ce tare za mu yi. Ta ce: "Kai ai ba ka sha ko ɗaya ba." Na ce na sani. Ta ce to, amma in bar mata dafa sahur, don nawa ba ya ciwuwa.

Ki gaida mutan gida. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Sabri