Inna, bana hannuna ya raya

Zuwa ga Innata, Allah Ya kai haske kabarinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifiya, labari na kawo miki, kuma da taƙama na kawo shi, ba zan ɓoye ba.

Kin tuna yadda kike tsokanata? Ɗan tsakon da kika ba ni ya mutu, barkonon da na shuka a bayan ɗaki ya bushe, ke kuwa kina dariya kina cewa, "Ke ɗiyag ga, hannunki bai raya komi."

To, ruwan damina ya shiga ɗakin da muke ajiye shinkafa a Ambursa. Muna jan buhuna sai ga 'yan kyanwa uku sharkaf, ko ido ba su buɗe ba. Uwarsu babur ya take ta a bakin titi. Ƙaramin cikinsu ko kuka ba ya yi, jikinsa sanyi ƙalau kamar gindin randa.

Da muka iso gida, surukinki ya ɗauko kaskon gawayi wai a ɗumama su. Nan take na ji muryarki, ranar da kika janye ƙanena daga bakin murhu: "Abin da ba shi iya gudu, kar ki aje mai wuta kusa." Na ce ya mayar. Ya ce ashe likitar mage ya aura. Na ce yau dai ya sani.

Ɗanyar shinkafa na ɗura a safa, na ɗumama a kan murfin tukunya, na gwada a wuyan hannuna, sannan na naɗe ta da tsohon zanenki. A gefe ɗaya na kwandon da na sa su na ajiye, don in zafi ya ishe su su ja jiki. Ban ba su komai ba sai da jikinsu ya yi ɗumi, sannan nonon akuya da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo. In sun sha in goge musu ciki da tsumma mai ɗumi, a madadin harshen uwa.

Biyu suka farfaɗo. Ƙaramin ya ƙi. Tsoro ya kama ni, Inna.

Sai na tuna abin da Goggo ta sha gaya mini: ni bakwainiya ce, har mata sun fara ba ki haƙuri ina numfashi. Kika ɗaure ni a ƙirjinki, kika ƙi saukewa. Haka na yi masa. Da shi na yi shara, da shi na tsince shinkafa, maƙwabta na ta dariya.

Jiya ya buɗe ido, ya kama yatsana yana tsotsa. Na yi kuka, na kuma yi dariya. Sunansa Bakwaini.

Da kike cewa hannun nan ba ya raya komai, Inna, kin manta wadda ta raya shi.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya lulluɓe ki da rahama kamar yadda kika lulluɓe ni.

Bakwainiyarki,
Kulu
Nasarawa, Birnin Kebbi