Wandon da Ya Kayar da Ni

Zuwa ga ƙanena Sha'ibu, Dakoro.

Gaisuwa mai yawa daga Faransa. Ina Inna da Hamsatu da yara? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa.

Mun gama tafiyar keke ta kwana biyar don tara kuɗin haƙa rijiyar unguwarmu. Abin da kake yi kullum zuwa Birnin Lalle da buhun gero, shi mutanen nan suke kira sadaukarwa, har da hawaye da lambar yabo! Na ƙi sa matsattsen gajeren wandonsu, da girmana. Rana ta biyu sarƙar keke ta cafke ƙafar nawa dogon wandon, na sha ƙasa. Likita ya ce in haƙura. In haƙura ku ci gaba da shan ruwan tabki? Na ƙarasa.

Rijiya tana tafe, Allah ya sa albarka. Kada ka gaya wa Inna a zaune nake salla.

Yayanka,
Sharfaddeen