Tsohon da Ke Faɗuwa Duk Shekara

Guangzhou, 18 ga Agusta, 2008

Zuwa ga Yaya Balki,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya yara, ya ƙafar Inna?

Kin ce kullum kina gaban talabijin ko za ki hango ni a wasannin Olympics. Haba Yaya, ina Beijing ina Guangzhou! Ni ina gidan kula da tsofaffi, inda makarantarmu ta tura ni. Aikina in tattaro bayanan lafiyarsu, na gidan da na asibiti, in haɗa na kowane tsoho wuri guda a kwamfuta. Da can kowa na rungume da nasa, ba mai leƙa na wani.

Akwai wani dattijo Musulmi mai ciwon suga, Baba Ma, da ya shiga raina. Duk Juma'a yakan dogara sandarsa har Masallacin Huaisheng. Amma duk shekara sai ya yanke jiki ya faɗi, an rasa dalili. Don haka za a mayar da shi bene na sama, inda ba a barin kowa ya fita. Tun da aka gaya masa ya daina yi wa kowa magana. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Saffana

Guangzhou, 4 ga Oktoba, 2008

Yaya Balki,

Barka da Sallah, da fatan kun sha ruwa lafiya. Albishirinki!

Da na jera ranakun da aka kwantar da Baba Ma, sai na ga suna ja da baya: Nuwamba, Oktoba, bara Satumba. Na duba awon nauyi. A daidai makonnin nan shi yana ramewa, abokin ɗakinsa kuwa yana ƙiba. Yaya, sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe azumi tsohon nan yake yi a ɓoye! A yi masa allurar suga da safe, a kawo abinci ya tura wa maƙwabci, don kada a gane a hana shi. Sai sugansa ya sauka ya faɗi.

Na tuna masa cewa Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Ya galla mini harara irin ta Inna. Sai na kai wa likitar gidan abin da na gano. Ta zaunar da shi suka daidaita: ta canza masa awon allurar da lokacinta, shi kuma duk ranar da sugansa ya sauka zai karya ba gardama.

Azumi ya wuce bai faɗi ba ko sau ɗaya. An fasa maganar bene na sama.

Ranar Sallah ni aka ce in raka shi masallaci. Farin ciki ya sa har na yi hawaye a hanya. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ture, ya wuce gaba ya bar ni ina binsa da sauri.

Ina kewarku matuƙa.

Taki har kullum,
Saffana