Tambayar Hadiza

Talata Mafara, daren Laraba

Tun da aka kawo min Hadiza riƙo daga Dosara bayan rasuwar ƙanwata, ba ta taɓa ambaton uwarta ba. Yau da la'asar na karanta mata littafin da malamarsu ta ara mana, labarin wata marainiya da ta koma gidan gwaggonta. Muna tsakiya sai ta dafe shafin.

"Inna, in na so ki, Mamata za ta ji haushi?"

Na ce, "A'a ɗiyata, daɗi za ta ji."

Ta fashe da kuka, na bar ta ta yi mai isarta. Ashe gudun da take yi mini ba ƙi ba ne, tsoro ne. Ga ta nan ta yi barci a cinyata. Ƙafata ta sage, amma ba zan motsa ba.